Shisha a fadar matasa: ruwan tulun ba ya tace guba

A Madarunfa, kamar cikin birnin Maraɗi, tulun shisha ya samu wuri kusa da butar shayi a wasu fadojin matasa. Madarunfa na kusa da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, kuma duk abin da ya yi tashe a ɗaya gefen iyaka ba ya daɗewa bai ƙetaro ba.

Ƙamshi ne ke jan yara. Ana cakuɗa tabar da zaƙi da ɗanɗanon tuffa ko na'ana'a, a rufe ta da takardar alminiyom mai huji-huji, a ɗora garwashin gawayi. Hayaƙin ya bi ta ruwa ya fito da sanyi, maƙogwaro bai ji zafi ba, sai mai sha ya ɗauka an wanke gubar. Ruwan sanyaya hayaƙi yake yi. Nikotin da kwalta suna isa huhu. Gawayin kuma yana ƙara iskar kabon monoksaid, mai hana jini ɗaukar iskar da jiki ke bukata. Ita ce ke kawo jiri da ciwon kai, har da suma a ɗakin da aka kulle.

A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa zama ɗaya na shisha na iya kai mutum shaƙar hayaƙin da ya kai na sigari 100 ko fiye. Ga tiyo ɗaya yana zagaya baki biyar, hanya mai sauƙi ga tarin fuka.

Nijar na da dokar yaƙi da taba tun 2006. Mali ta wuce nan: a 2022 ta haramta shisha gaba ɗaya, kamar yadda Kenya ta yi a 2017.