Kati Uku: Yadda Ake Yanka wa Sabon Ɗan Golf Handikaf

A wasan golf, wanda ya zagaye ramuka 18 da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Da a nan aka tsaya, ɗan koyo ba zai taɓa haɗa kafaɗa da tsohon hannu ba. Shi ya sa aka ƙirƙiro handikaf, wato adadin bugun da ake yafe wa ɗan wasa gwargwadon ƙarfinsa. Mai handikaf 20 da ya gama da bugu 92, ana ɗaukarsa kamar ya yi 72. To sabon mamba da bai da tarihin wasa, daga ina ake samo masa lamba?

Kafin shekarar 2020, tsari shida ne ake bi a sassan duniya daban-daban. A shekarar ne hukumomi biyu da ke riƙe da dokokin wasan, R&A ta Sikotland da USGA ta Amurka, suka haɗe su wuri guda. A galibin ƙasashen da ke bin wannan tsari, abin da kulob zai fara nema wurin sabon shiga shi ne sakamakon ramuka 54. Yawanci katin sakamako uku ne na ramuka 18, amma ana iya haɗawa da zagayen ramuka tara-tara har adadin ya cika. Kowane kati sai da shaida: abokin wasa da ya ga bugun da idonsa, ya kuma tabbatar da lissafin.

Ba jimillar da ke kan katin ake ɗauka kai tsaye ba. Kowane rami yana da ƙa'idar bugunsa, uku ko huɗu ko biyar. Ga sabon shiga, ba a lissafa masa fiye da ƙa'idar ramin da ƙarin bugu biyar. Idan ƙwallonsa ta faɗa ramin yashi a rami mai ƙa'ida huɗu, ya yi ta sara yashi na tashi, ƙwallo na komowa gindin ƙafarsa har ya gama da 12, tara za a rubuta masa. Rami ɗaya da ya lalace ba zai ɓata katin duka ba.

Daga nan sai a dubi filin kansa, don filaye ba ɗaya ba ne. Kowane fili yana da lambobi biyu. Ta farko tana nuna bugun da ake sa ran gwani zai yi a wurin. Ta biyu tana auna yadda filin ke wahalar da matsakaicin ɗan wasa fiye da gwani. Tana farawa daga 55 zuwa 155, kuma 113 ce ma'auni.

A ɗauka wani ya kawo katuna uku bayan gyara: 102, 97 da 105, a filin da lambar gwani take 71.0, ta wahala kuma 125. Mutane da yawa suna zaton za a haɗa ukun a raba uku. Ba haka ake yi ba. Kowane kati ana fitar masa da tazara tsakaninsa da lambar gwani, sannan a ɗauki mafi kyau kaɗai. A nan 97 ne. A cire 71, saura 26. A ninka da 113, a raba da 125, a samu 23.5. Sai kuma a ƙara zabge 2.0. Handikaf ɗinsa na farko ya zama 21.5.

Nan ne fuskar sabon mamba kan canza. Shi ya san 100 da 'yan kai yake bugawa, ga shi an ba shi lambar wanda ke buga 90 da ɗoriya. Amma handikaf ba ya auna abin da mutum ya saba yi. Abin da yake iya yi a ranar da hannunsa ya faɗa yake aunawa. A ganina zabge 2.0 ɗin nan ma daidai ne. Kati uku shaida ce kaɗan, ɗan koyo kuma yakan inganta cikin hanzari, kuma ba a rasa mai wayon da zai kwantar da hannu da gangan a farko don ya samu lamba babba ya riƙa kwashe kyaututtuka a gasar kulob. Gara a matse shi kaɗan da a sakar masa mara.

Ba a daɗewa a matsen. Da kati na huɗu, abin da ake zabgewa ya koma 1.0, da na biyar, ba a zabge komai. A na shida sai a koma matsakaicin mafi kyau biyu, a cire 1.0. Haka ake ta faɗaɗawa har katuna su kai 20, inda ake ɗaukar mafi kyau takwas daga cikin 20 na baya-bayan nan. Iyakar handikaf ɗin da ake bayarwa ita ce 54.0, ga maza da mata.

Lambar 21.5 ɗin kuma ba ita ce bugun da zai karɓa a kowane fili ba. Duk inda ya je ana juya ta da lambobin wurin. A filin misalinmu, idan ƙa'idarsa 72 ce, bugu 23 za a yafe masa. A fili mai sauƙi zai samu ƙasa da haka.

Kwamfuta ce ke yin lissafin, amma kwamitin handikaf na kulob yana da ta cewa. Idan ya gano cewa “sabon” mamban ya taɓa riƙe handikaf 9 a wani kulob shekarun baya, yana da ikon rage lambar da katunan suka bayar. Saboda haka ake tambayar mai neman shiga tarihin wasansa tun kafin ya miƙa katin farko.