Filin Wasa Ma Aji Ne



Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, noma a Kura da Bunkure ya zama na rani da damina. Da an tashi makaranta, sai a tura yaro ban ruwa ko tsinkar tumatir. Saboda haka iyaye sukan tambaya, don me makarantar firamare ta Katolika takan riƙe yara domin wasa?

Wasannin kashi biyu ne. Akwai na yamma bayan darasi, kamar ƙwallon ƙafa da tsere da langa. Akwai kuma gasar gidaje, inda akan raba 'yan makaranta ƙungiya-ƙungiya, kowace da launin rigarta, su kara da juna. A nan yaro yakan koyi bin doka, da haƙuri, da ba wanda ya kada shi hannu.

Al'adar ta daɗe. A 1841 Fada Yohanna Bosco ya fara tara yaran titi a Turin ta Italiya, yana haɗa wasa da koyarwa da addu'a. Manzo Bulus ma ya kwatanta mai bi da mai tsere, a 1 Korantiyawa sura 9.

Mu tuna kuma, yaron da ba shi da fili, magudanar ruwa ce wurin wasansa. A can ake kamuwa da tsargiya, ga haɗarin nutsewa. Bari mu ba 'ya'yanmu awa guda da yamma, gona ba ta gudu.

Ubangiji ya ba mu hikimar reno. Amin.