Kuɗi a Cikin Littafi: Bayani a kan Bitcoin da Sunayen da A ke Fassara Shi da Su

1. Gabatarwa

Malaman da ke koyar da fassara sun san kalmar da ta fi wuyar juyawa ita ce wadda masu ita suka aro daga wani fage suka ɗora wa sabon abu. Mai fassara ya kan ɗauko surar da ke cikin kalmar, ya bar aikin da a ke nufi a baya. Haka ta faru ga kuɗin intanet da a ke kira Bitcoin. Turawa sun ba sassansa sunaye uku na aro, watau tsabar kuɗi, da haƙar ma'adini, da jakar ajiya, mu kuwa muka juyo su Hausa yadda su ke. Nufin wannan takarda shi ne ta bayyana yadda abin ya ke aiki, sa'an nan ta auna sunayen nan uku a kansa.

2. Abin da ke mai da abu kuɗi

Kalmar kuɗi asalinta jam'in wuri ce, watau ɗan ƙwanson nan na teku da a ke kawowa tun daga tsibiran Maldives. Da kuɗin Turawa suka kori wuri a farkon ƙarni na 20, sai kalmar ta sauka a kan kwabo da sule, daga bisani ta koma kan takarda, yau ga ta a kan lambobin da ke cikin waya. Jikin abin ya sake sau uku, sunan bai motsa ba. Wannan ya nuna abin da mutane ke kira kuɗi shi ne duk abin da suka yarda su karɓa, suna da tabbacin gobe wani zai karɓa daga gare su.

Akwai misalin da ya fi wannan fitowa fili. A tsibirin Yap, cikin tekun Fasifik, manyan kuɗinsu fayafayan dutse ne da a ke sarowa daga Palau, waɗansu sun fi mutum tsawo. Saboda nauyinsu ba a cika ɗaga su ba. In an yi ciniki, dutse ya na nan inda ya ke, sai dai jama'a su shaida ya tashi daga hannun wane ya koma hannun wane. W. H. Furness, cikin littafin da ya buga a 1910, ya ba da labarin wani dutse da ya nutse a teku tun a hanya, amma a ka ci gaba da lissafa shi cikin dukiyar masu shi. Ashe dai dukiyar ta na cikin shaidar jama'a. Wanda ya gane wannan ya gane rabin Bitcoin.

3. Littafin da yadda a ke rubuta shi

Ranar 31 ga Oktoba, 2008, wani mai kiran kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da takarda mai shafi 9 ya na bayyana tsarin, kuma ranar 3 ga Janairu, 2009, a ka fara aiki da shi. Tsarin kuwa littafin lissafi ne guda ɗaya, wanda dubban kwamfutoci a ƙasashe dabam dabam kowace ta ke riƙe da kwafinsa. Abin da a ke rubutawa ciki shi ne, adireshi kaza ya aika wa adireshi kaza adadi kaza.

Kimanin kowane minti 10 a kan ƙara shafi ɗaya. Kowane shafi ya na da hatimi, watau wata doguwar lamba da a ke lissafowa daga abin da ke rubuce cikinsa, har in an sake ko da harafi ɗaya, hatimin duka ya sake. Sa'an nan kowane shafi ya na ɗauke da hatimin wanda ya gabace shi. Saboda haka wanda ya so ya goge wani ciniki na bara, tilas ya sake dukan shafukan da suka biyo baya, alhali kuwa sauran masu kwafi suna ta ƙara sababbi.

To, wa ke da ikon rubuta sabon shafi? A nan ne a ka sa gasa. Ƙa'ida ta ce ba a karɓar shafi sai hatiminsa ya fara da sifiri masu yawa, kuma babu wata dabara ta samun haka sai a yi ta gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya. Kwamfutar da ta fara dacewa ita ke rubuta shafin, a ba mai ita lada. Bayan kowane shafi 2,016, watau kamar mako biyu, a kan daidaita wuyar gasar, domin kada yawan masu gwaji ya sa shafuka su riƙa fitowa da sauri. Ladan ya fara daga Bitcoin 50, kuma a kan raba shi biyu bayan kowane shafi 210,000. Ya koma 25 a 2012, da 12.5 a 2016, da 6.25 a 2020, da 3.125 a 2024. Ta haka jimlar da za a taɓa samu ba za ta wuce miliyan 21 ba.

4. Auna sunayen uku

Na farko, tsabar kuɗi. Tsaba a Hausa ta na nufin abin da a ke ƙirgawa a tafin hannu, mai daraja tsayayya. Bitcoin kuwa layi ne cikin littafi, darajarsa kuma abin da kasuwa ta yanke ne a ranar. A watan Mayu na 2010 wani mutum a Florida ta Amurka ya ba da 10,000 a bakin fiza biyu. A Nuwamban 2021 guda ɗaya ya kai wajen dala 69,000, bayan shekara guda ya faɗo ƙasa da 17,000, a Disamban 2024 kuma ya haye 100,000.

Na biyu, haƙa. Mai haƙar kuza ya na tono abin da ya ke kwance a ƙasa tun fil azal. Mai wannan gasa kuwa aikin akawu ya ke yi, ya na tattara cinikin mutane ya na buga hatimi, a biya shi lada. Abin da ya ke kashewa shi ne wutar lantarki da kuɗin na'ura. Ɗalibin da ya ji haƙa sai ya zaci akwai wata taska da kowa zai tona da wayarsa, nan ne kuwa 'yan damfara su ke samun ƙofa.

Na uku, jaka, ita ce mafi hatsari. Jakar Bitcoin babu kuɗi cikinta. Abin da ta ke ajiyewa shi ne mabuɗi, watau lambar asiri wadda da ita kaɗai a ke iya sa hannu a aika abin da ke rubuce a adireshin mutum. In waya ta ɓace, mabuɗi ya na rubuce a wani wuri, ba a yi hasarar kome ba. In mabuɗin ne ya ɓace, babu ofishin da za a kai kuka. Wani mutumin Newport ta ƙasar Wales ya yar da ma'ajiyar kwamfutarsa cikin shara a 2013, mabuɗin Bitcoin wajen 8,000 ya tafi tare da ita. Wanda kuma ya damƙa mabuɗinsa ga kamfanin dillanci, ya koma ga dogara da amanar mutum, abin da a ka ƙago tsarin don a kauce masa. Kamfanin Mt. Gox na Tokyo ya rushe a 2014 bayan ya ba da sanarwar ɓacewar Bitcoin kimanin 850,000, na FTX kuma ya bi sahu a 2022.

5. Shawara ga malamai

Bisa ga abin da ya gabata, ina ganin kalmomi huɗu za su fi yi wa ɗalibi amfani, watau littafi, da shafi, da hatimi, da mabuɗi. Dukansu Hausa ta san su, kuma kowace ta na nuna aikin da abin ya ke yi. Mai gasa a kira shi mai buga hatimi, abin da ya ke samu kuma a kira shi lada. Sunayen da suka riga suka shiga bakin jama'a ba za su kau don umurnin malami ba, harshe bai taɓa bin wannan hanya ba. Amma malami ya na iya kawo su cikin aji ya tambayi ɗalibai, mene ne cikin jakar nan, kuma me a ke haƙowa? Ɗalibin da ya iya amsa waɗannan biyu ya fahimci darasin fassara, ya kuma san abin da zai tambaya kafin ya miƙa wa wani guminsa.