Kamun Kifi da Ƙaguwa da Gura: Shawara ga Mai Son Farawa

A wani taron ƙungiyar gama kai da muka yi a Sanyinna, wani saurayi ya tashi ya ce ya ga yadda masunta na bakin teku ke samun kuɗi da ƙaguwa da babban jatan lande, shin mu ma ba za mu iya ba? Na yi masa alkawarin amsa a wannan shafi.

Gaskiyar magana, babban jatan landen nan na ruwan gishiri ne, ba ya rayuwa a gulbi ko tafki. Ƙaguwa kuwa muna da ita, amma ƙarama ce, kasuwarta a nan ba kamar ta Legas ko Kalaba ba. Abin da za mu lura da shi shi ne dabarar. Mutanen teku suna nutsa wani irin kwando mai ƙofa, su sa abinci a ciki, dabba ta shiga ta kasa fita. To, wannan ai gura ce, wadda Sarkawa suka daɗe suna kafawa a gulbin Zamfara ta wajen Kebbe, da tafkunan ƙasar Tambuwal irin na Romo. Tarwaɗa da gargaza da ƙurungu su ne ribarta, ƙaguwa gyara ce kawai.

Ina ganin gura ta fi dacewa da manomi fiye da kalli ko birgi. Ba ta bukatar jirgi, kuma ba ta hana noma. Ka kafa da yamma, ka duba da asuba, hantsi ya same ka a gona.

Kafin ka sayi ko da zare, je ka ga Sarkin Ruwa. Ruwa yana da masu shi kamar gona. Akwai tafkin da ake rufewa sai ranar su, akwai gurbin da wani gida ya gada. Na san wata ƙungiya da ta zuba gura ashirin ba tare da sallama ba, da gari ya waye suka iske an tsame su an jibge a tudu. Ba su da bakin magana. Goro kaɗan da ladabi sun isa su kare wannan.

Fara da gura goma, kada ka wuce. A saƙa su da tsumagu masu lanƙwasuwa, a lulluɓe da raga. Idon ragar ya zama yatsu biyu suna shiga, domin 'ya'yan kifi su fice. Wasu suna sa gidan sauro wai don kada kome ya kuɓuce. Wannan cin iri ne, kuma manomi ya san abin da ke samun wanda ya ci irinsa.

Lokacin da ya fi kyau shi ne da kaka, sa'ad da ruwa ya fara janyewa daga fadama, kifi na neman komawa gulbi. Nemi inda ruwa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, kusa da ciyawa, ka danne gurar da dutse ko ka kafe ta da turke. Ka bar kanta a waje da ruwa kaɗan, gama tarwaɗa tana hawowa shan iska. In ka nutsar da gurar duka, za ka iske ta mace. Abincin tarko ba wuya: dusar gero ko ta dawa a dama da ruwan zafi a cura, ko ƙanzon tuwo.

Duba gurarka kowace safiya, ko ranar kasuwa ce. Kifin da ya kwana biyu a ciki, ƙaguwa za ta fara ci, ta kuma yanke raga. In ka kama ƙaguwa mai ɗauke da ƙwai ko 'ya'ya a ƙarƙashin cikinta, mai da ita ruwa. Sauran, in gidanku ana ci, a dafa su sosai, don ɗanyar ƙaguwar ruwan daɗi tana ɗauke da wata tsutsa mai kama huhu.

Kada wanda ya rinjaye ka ka zuba Gamalin ko wani maganin ƙwari a ruwa. Yana kashe manya da ƙanana, ga shanu da yara na shan ruwan. Tun 2009 ƙasashen duniya suka sa gubar da ke cikinsa a jerin waɗanda aka hana. Ka kuma kula da tsargiya: wanda ya ga jini a fitsarinsa ya tafi asibiti, akwai magani.

Saura batun sayarwa. Tarwaɗa tana daɗewa da rai a baho in ana sauya mata ruwa, mai rai kuwa ta fi tsada. Abin da ba a sayar ba a yi bandarsa ran nan. A nan ƙungiya take da amfani: murhun banda ɗaya ya ishi mutum biyar, mutum ɗaya ya kai kayan kowa kasuwar Tambuwal ko Jega. Magatakarda ya riƙa rubuta abin da kowace gura ta kawo da inda aka kafa ta. Bayan wata biyu littafin zai nuna muku gurbin da ya kamata a ƙara, da wanda za a bari.