Tambayoyin da ke Cikin Buhun Wake

Tun da asuba motocin kayan gwari ke fara sauke kaya a Kasuwar Muda Lawal da ke Bauchi, amma ni ɓangaren 'yan hatsi nake wucewa. A nan kawuna yake da rumfa, a nan na tashi ina riƙe masa bakin buhu yana awo. Yau ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kuma har yanzu babu tambayar da ta tsaya mini a rai kamar wadda ya yi mini ranar da ya kwance buhun waken da ya ajiye tun kaka. Ya damƙo wake, ya buɗe tafin hannu. Kowace ƙwaya da huda, gari na zuba ta tsakanin yatsunsa, ƙananan ƙwari na ta yawo.

"Kai ɗan boko, bakin buhun nan a ɗaure yake. Ta ina suka shiga?"

Na ce, "Kawu, tun daga gona aka zo da su."

Haka abin yake. Ƙwaron wake yana saka ƙwai a jikin kwanso tun kafin a roro. Tsutsar ta ƙyanƙyashe, ta huda ƙwayar waken, ta zauna ciki tana ci, cikin kusan wata guda ta fito ƙwaro mai neman inda shi ma zai saka nasa ƙwan. Na ɗauki gawayi na rubuta masa lissafin a jikin katakon rumfa. A ce kowace mace ta bar 'ya'ya mata 20. Watan farko 20 ke nan, na biyu 400, na uku 8,000. Kawu ya daɗe yana kallon lambobin, sannan ya ce, "Shi ya sa sai a wata na uku buhu ke ɗaukar zafi."

Wannan shi ne bincike na a-zo-a-gani: ana fara shi daga asarar da wani ya tafka, ba a kuma gama shi sai mutumin ya daina asara. Maganar wake ta sami irin waɗannan masu bincike. Tun ƙarshen shekarun 1980, Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue da ke Amurka ya yi aiki da masana a Marwa, arewacin Kamaru, kan yadda za a adana wake ba tare da guba ba. Abin da suka dogara da shi iyayenmu mata sun san shi, su da ke cika jarka da wake su toshe bakinta: ƙwaro ma numfashi yake yi. Daga nan aka samo buhun PICS, mai leda biyu masu kauri a ciki da buhu na uku a waje. In aka matse iska aka ɗaure kowanne daban, ƙwarin su shanye ɗan abin da ya rage, su daina ci, su mutu. A 2007 aka fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma, har da Najeriya da Nijar.

Sai dai gano magani daban, mutane su karɓa daban. Masu yaɗa buhun sun san Bahaushe gani yake so, don haka sukan ɗaure buhu a gaban jama'ar ƙauye, bayan watanni a sake taruwa a kwance a idon kowa. Duk da haka, har yau akwai masu zuba wa wake maganin ƙwari, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Da na tambayi maƙwabcin Kawu dalili, sai ya lissafa mini da yatsu: buhun ya fi na gama-gari tsada, ɗan dako yana caka masa ƙugiya, ɓera yana huda shi, mai saye kuma ba ya biya sai ya ga kaya. Babu ɗaya a cikin waɗannan da madubin duba ƙwayoyin cuta zai warware. Aiki ne na masanin halayyar jama'a da masanin tattalin arziki, waɗanda za su zauna a kan benci su saurari yadda ciniki yake gudana.

Leƙa wajen 'yan tumatir, labarin ɗaya ne. A 2016 tsutsar da manoma ke kira sharon, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Wanda ya tsira daga tsutsa kuma zafi da lodin kwando a kan kwando ke matse shi kafin ya iso kasuwa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya dubi matsalar zafi da idon ɗan gida. Ya sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da tsumma mai laima. Ruwan na bushewa yana tafiya da zafi, kayan miya su daɗe ba su lalace ba. Wannan dabara ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, babu wuta, babu janareta.

Masana kwamfuta ma ga nasu rabon. Akwai manhajar Nuru, wadda ke duba ganyen rogo ta kyamarar waya ta faɗi cutar da ke jikinsa. Abin da nake fata shi ne irinta da za ta saurari tambayar Kawu da Hausa, ta amsa masa da murya. Kuma duk wanda ya ga yadda ciniki ya tsaya a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, mai saye na nuna waya yana rantsuwa ya tura, mai kaya na jiran alat, ya san akwai aiki a gaban masu gina hanyoyin biyan kuɗi.

Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa, wadda aka kafa a 1980, tana nan cikin garin nan, kuɗin Keke Napep ne tsakaninta da kasuwa. Kowace shekara ɗalibai na neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai. Ina roƙon malamansu su turo su Muda Lawal da littafi da ma'auni. Wani ya auna mudu goma daga rumfuna goma ya gaya mana bambancinsu. Wata ta rubuta farashin wake kowane mako, daga kaka zuwa bazara, ta fitar da watan da ajiya ke fara biyan kuɗin buhu. Sannan su dawo su bayyana sakamakon da Hausa ga shugabannin kasuwa.

Bana Kawu ya sayi buhunan PICS biyar. Da muka kwance na farko bayan wata biyar, ya damƙo wake ya kara a hanci, ya sa ƙwaya ɗaya a haƙori, ya ji ƙwas. Bai tsaya murna ba, sai ya juyo gare ni.

"To, in ina buɗewa duk mako ina ɗiba, har sau nawa kafin ƙwarin su farfaɗo?"

Na ware buhu biyu a bayan rumfa, na rataye littafi a jikin ƙusa. Kowace Asabar ni da ɗalibaina uku muke zuwa mu ɗebi cikin gwangwani ɗaya, mu ƙirga masu huda.