Ban Ruwa da Wayar Salula

Ya kai mai karatu, ka san wahalar noman tattasai a bakin Komadugu. Daga Maine-Sorowa har Difa, mai garka yakan yi sammako, ya sayi mai, ya tayar da inji, ya tsaya har ruwa ya cika fangali. Tun shekarar 2015 kuma da rashin tsaro ya shigo jiharmu, zuwa bakin kogi ya ƙara wuya. To, ko ka san mutum yana iya ba garkarsa ruwa yana zaune a gida?

Wani ɗan Nijar, Abdu Maman Kane, masanin kwamfuta, shi ya ƙirƙiro wannan dabara. A 2011 ya ci kyautar kamfanin Orange saboda ita. A 2015 kuma aka ba shi babbar kyautar ruwa ta Sarki Hasan na Biyu na Maroko.

Ga yadda irin wannan aiki yake tafiya. Abu uku ne.

Na ɗaya, wayarka. Ita ce ɗan aike. Ba ta da hannun da za ta buɗe famfo. Saƙonka kawai take kaiwa.

Na biyu, wata babbar kwamfuta da ke ajiye a wani gari mai nisa. Ba a kashe ta, dare da rana tana jiran saƙo. Ita ce kamar mai shago, wayoyi kuwa su ne masu saye. Kwamfuta guda tana iya sallamar manoma da yawa a lokaci ɗaya. In saƙonka ya iso, sai ta duba: lambar wa ce wannan? Garkarsa tana ina? In ba ta san lambar ba, ba ta yin komai.

Na uku, wani ɗan akwati a garka. Akwai katin waya a cikinsa, an kuma haɗa shi da famfo mai aiki da hasken rana. In kwamfuta ta ce masa «buɗe», sai ruwa ya taho. In ta ce «rufe», sai ya tsaya.

Ka ga ke nan, kai ka faɗa, waya ta kai, kwamfuta ta tantance, akwati ya aikata. Haka ma aiken kuɗi ta waya yake. Kai ne kake latsawa a Maine, amma lissafin yana can cikin babbar kwamfuta.

Amma fa a yi hattara. In babu reso, saƙo ba ya isa. In ƙura ta rufe faifan rana, famfo ba ya ƙarfi. In ka bar wayarka hannun yaro, yana iya buɗe ruwa ya manta, tattasai ya ruɓe. Kuma akwati ba ya ganin tsutsa a ganye, ba ya ganin akuya ta keta shinge. Sai idon mai garka.

Abu na ƙarshe: sau da yawa umurnin nan da lambobi da haruffa ake ba da shi. Wanda ya iya karatu shi ke riƙe da famfonsa da kansa. Wanda bai iya ba, wani lokaci sai ya miƙa wa wani wayarsa da asirinsa. Saboda haka kada ka yi fashin aji.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin babbar kwamfuta?
2. Me ya sa ba ta karɓar saƙon lambar da ba ta sani ba?
3. Faɗi abu biyu da akwati ba ya iya gani.