Karatun Awon Jini: Rabi a Sakkwato, Rabi a Ƙetare

Kwanan baya wani dattijo cikin membobinmu ya tsaya bayan an tashi sujadar Lahadi, ya zaro wata takarda daga aljihu ya ce mu duba masa. Takardar ta wani dillali ce da ya yi alkawarin samo wa 'yarsa gurbin karatun kimiyyar lafiya a ƙasar waje, muddin an biya kuɗin kafin alƙalami. Dattijon har ya riga ya sa gonarsa ta gida a kasuwa. Yarinyar kuwa tana shekara ta biyu a jami'a nan Sakkwato, tana koyon aikin ɗakin awo, watau aikin masu duba jini da fitsari da majina domin likita ya san abin da yake yi wa magani. Muka roƙe shi ya dakata tukuna. Dalilin dakatawar muke so mu baje a wannan shafi, gama mun san ba shi kaɗai ke yawo da irin takardar nan ba.

Ba mu manta da abin da ya faru a watan Fabrairu na 2022 ba, sa'ad da yaƙi ya ɓarke a Yukren, aka kwaso 'ya'yanmu masu karatun likita, wasu saura musu shekara guda su gama. A Afrilun 2023 haka ta sake faruwa a Sudan. Waɗanda suka ce za su ƙarasa ta intanet daga gida kuma suka ci karo da hukumar likitoci ta Nijeriya, wadda ta ce a 2022 ba za ta amince da karatun likita da aka yi ta waya kaɗai ba. A ganinmu hukumar tana da gaskiya. Wanda bai taɓa neman jijiya a hannun jariri ba, ko ya shafa ɗigon jini a gilashi ya rina shi, ba za mu miƙa masa ɗanmu ba, ko da takardarsa ta kai tabarma faɗi.

To, akwai hanya ta tsakiya. Ƙasashen Turai sun kafa shirin musayar ɗalibai mai suna Erasmus tun 1987, inda ɗalibi kan bar jami'arsa ya yi watanni a wata ƙasa. Daga 2021 suka ƙara wani sabon salo mai gauraya: jami'o'i aƙalla 3 daga ƙasashe 3 su haɗa darasi guda, a yi sashensa ta kwamfuta kowa yana garinsu, sa'an nan a taru wuri ɗaya na kwana 5 zuwa 30. A fannin awo abin yakan tafi kamar haka. Malami ya aika hoton jinin da aka duba a madubin hangen ƙwayoyin cuta, ɗalibai daga ƙasashe dabam dabam su rabu ƙungiya ƙungiya, su yi gardama a kan abin da suka gani, su rubuta rahoto tare. In ranar haɗuwa ta zo, sai su sa farar riga su taɓa na'urorin da hannunsu. Makin da ɗalibi ya samu ana lissafa masa a jami'arsa ta gida. Ba ya barin gurbinsa, ba a kuma sayar da gona. Amma a lura, ƙofar nan ta jami'a zuwa jami'a ce. Ɗalibin ƙasa irin tamu yana shiga ne idan makarantarsa ta ƙulla yarjejeniya da wata ta can. Babu dillalin da ke riƙe da mabuɗinta.

Kuma kada mu ɗauka ƙetare sai Turai. A Jami'ar Gana da ke Legon akwai cibiyar WACCBIP, wadda ke horar da matasan Afirka ta Yamma a kan ƙwayoyin cututtuka. A nan gida, a garin Ede ta Jihar Osun, akwai cibiyar ACEGID a Jami'ar Redeemer's, makarantar da ikkilisiya ta gina. Lokacin da Ebola ta shigo Legas a 2014, ɗakin awonsu na cikin waɗanda suka tabbatar da cutar, a Maris na 2020 kuma su ne farkon waɗanda suka karanta tsarin halittar ƙwayar korona a Afirka. Shugabanta Farfesa Christian Happi ya daɗe yana hulɗa da masanan Jami'ar Habad ta Amurka. Baikon masu bi ne ya aza harsashin wannan makaranta, abin da ya kamata dattawanmu su yi tunani a kai.

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne, Sakkwato ma tana da abin koyarwa. Musaya ai ba bara ba ce. Tun 1999 muke da asibitin yara masu cutar noma a cikin garin nan (ba noman gona ba, wani mugun gyambo ne mai cin kumatu da leɓen yaran da yunwa ta raunana). Likitocin fiɗa daga ƙasashen Turai sun yi ta zuwa rukuni rukuni, daga 2014 kuma ƙungiyar MSF ta shigo da nata taimako. Nijeriya ce ta ja gaba har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Ɗalibin Jamus zai iya gama karatunsa bai ga mai noma ko ɗaya ba, bai kuma ga sanƙarau irin wanda ya yi mana ɓarna a 1996 da 2017 ba. Namu ɗalibin ya ga waɗannan, abin da ya rasa na'ura ce. Wannan cuɗanya ba baƙuwa ba ce gare mu masu bi. A shekarun 1930 mishan ta SIM ta karɓi aikin kutare a Amanawa, inda baƙi suka koya wa 'yan ƙasa allura da awo, su kuma suka koyi Hausa da halin cutar daga bakin majinyata. Asibitin Galmi da ke hayin iyaka a Nijar, wanda aka buɗe a 1950, haka ya taso.

Sai dai wahalar ba ƙarama ba ce. Darasin da aka sa ƙarfe 2 na rana ba ya jiran wuta ta dawo, kuma wanda ya san zafin Sakkwato a watan Afrilu ya san yadda kwamfuta ke mutuwa a cinya. Kuɗin data kullum hawa yake yi. Yajin aikin malaman jami'a ya ci kusan wata 9 a 2020, ya ci wata 8 a 2022, alhali kalandar abokan karatu na can ba ta tsayawa. Ga fasfo, ga biza. Akwai kuma tsoron da iyaye ba su cika furtawa ba, cewa yaron da ya ga ɗakin awo mai wuta dare da rana ba zai so dawowa ba. Wannan tsoro yana da tushe, mun ga ma'aikatan lafiya da yawa sun tafi. Duk da haka kwana 10 da tikitin komowa a hannu, da sauran karatu na jira a gida, bai kai shekara 6 haɗari ba.

Ga abin da muka ce dattijon ya tambaya. Wace jami'a ce, kuma sunanta na cikin waɗanda hukumar ma'aikatan ɗakin awo ta Nijeriya ta sani? Wa zai biya kuɗin jirgi da masauki? Ina sa hannun shugaban sashen yarinyar? Dillalin bai amsa ko ɗaya ba, daga baya ma ya daina ɗaukar waya.

Dattijon ya janye gonarsa daga kasuwa. Yarinyar ta je wurin shugaban sashenta ta nemi a riƙa sanar da ita duk wani shirin musaya ko horo da ya zo ta hannun jami'a. Kwamitin ikkilisiyarmu kuma ya yarda a bar ajin koyon baftisma a buɗe ran Talata da Alhamis daga ƙarfe 1 zuwa 5, tun da akwai wutar sola a can, domin ɗalibai masu darasi ta intanet, namu da na maƙwabta. Mai bukata ya ga katikis domin karɓar mabuɗi.